Nazarin Lamari: Yadda Aka Raba Abokan Kasuwanci Biyu Ba Tare Da Kamfaninsu Ya Rushe Ba

Asalin lamarin

Mutum biyu ne, abokan juna tun kafin kasuwanci ya haɗa su, suka kafa ƙaramin kamfanin buga takardu. Ɗaya ya zuba kashi 60 cikin ɗari na jarin, amma yana da wani aikin da yake yi, ba ya zama a wurin. Ɗayan ya kawo kashi 40, shi ne kuma ya san sana'ar, shi ke buɗe ƙofa da safe ya rufe da dare. A nan za a kira na farko mai jari, na biyu kuma manaja, ko da yake dukansu masu kamfanin ne.

Yarjejeniyar da suka rubuta shafi biyu ce. Ta faɗi kason kowa, ta ce za a raba riba a ƙarshen kowace shekara, ta ce duk kuɗin da ya haura wani adadi ba zai fita daga banki ba sai da sa hannun su biyu. Ba ta ambaci albashin manaja ba, ba ta kuma faɗi abin da za a yi ba idan ɗaya ya so fita. Shekara biyar ana raba riba, ba wanda ya sake buɗe takardar. Ma'aikata suka kai 11.

A shekara ta shida manaja ya karɓo sabon injin bugu bashi daga hannun dillali, ana biya wata-wata. Abin da ake biya kowane wata bai kai adadin da ke buƙatar sa hannu biyu ba, don haka bai tuntuɓi abokinsa ba. Tsohon injin yana yawan tsayawa, masu kawo aiki sun fara komawa wani wuri, shi a ganinsa ceton kamfanin ya yi. Ƙarshen shekara ya zo babu ribar rabawa. Mai jari kuwa a bakin wani ma'aikaci ya fara jin labarin injin.

Wata na 1 zuwa na 4: magana baki da baki, sannan aboki

Sau biyu suka zauna su kaɗai. A zaman farko mai jari ya nemi ganin littattafan kuɗi, manaja ya ɗauki hakan a matsayin kiran sa ɓarawo, ya tashi. A na biyu ya kawo littattafan, sai ga wani layi da ke maimaituwa kusan kowane wata, kuɗin da manaja ke ɗauka don kansa, ba rasit ba bayani. Daga nan magana ta ƙare.

Wani abokinsu na tun da, wanda dukansu ke jin nauyinsa, ya kira su gidansa. Ya saurare su na ɗan lokaci, ya ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ya yanke cewa manaja ya ba da haƙuri kan injin, mai jari kuma ya janye zargi. Suka yi musabaha. Ba a taɓo zancen kuɗin da ake ɗauka ba, ba a rubuta komai ba. Wannan sulhu ya yi mako biyar. Ranar da mai jari ya ga an sake ɗaukar kuɗin, sai ya rubuta wa banki cewa akwai rikici tsakanin masu asusun. Banki ya dakatar da asusun. Albashin ma'aikata ya maƙale a ciki.

Wata na 5 zuwa na 11: lauyoyi da kotu

Kowa ya ɗauki lauya. Wasiƙu huɗu suka wuce tsakani, kowace ta fi ta baya zafi. A wata na 6 mai jari ya shigar da ƙara, yana roƙon kotu ta rushe kamfanin, a sayar da kadarorinsa, a ba kowa kasonsa. Manaja ya mayar da tasa ƙarar, yana neman ladan aikinsa na shekara shida.

An ɗage shari'ar sau uku ba a kai ga sauraron shaida ko ɗaya ba. A wannan tsakanin manaja yana karɓar kuɗin aiki a hannu yana biyan abin da ya samu, wanda hakan ya ƙara wa mai jari zargi. Ma'aikata uku suka bar aiki. Dillalin injin ya aiko da gargaɗi cewa zai ɗauke kayansa. A wata na 11 alƙali ya dakatar da shari'ar na kwana 60, ya tura su wurin mai shiga tsakani.

Wannan turawa ba sabon abu ba ne. Tun 1976 Farfesa Frank Sander na jami'ar Harvard ya kawo shawara, a wani taron masana shari'a a Amurka, cewa kotu ta zama wurin da ake tantance rikici a tura kowanne inda ya dace da shi, ba kowane ne sai an kai gaban alƙali ba. Yau kotuna a ƙasashe da yawa haka suke yi. Italiya ta wajabta gwada sulhu a wasu nau'o'in ƙararraki da dokar 2010, kuma a watan Nuwamba 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce alƙali na iya umartar masu shari'a su je su gwada. Abin da ake tilastawa shi ne zuwa. Amincewa da sulhun kuwa ba wanda zai tilasta wa mutum.

Kafin a zauna

Lauyoyin biyu suka amince da wata mata daga jerin sunayen da kotu ta ba su, wadda ba ta san ko ɗayansu ba. Kuɗin aikinta rabi da rabi za su biya, ba 60 da 40 ba, kuma ita ce ta nace a kan haka don kada wani ya ga kamar ya fi wani iko da ita.

Ta gana da kowannensu shi kaɗai na kimanin awa ɗaya. Mai jari ya je da jakar takardu yana shirin gamsar da ita. Ta gaya masa tun farko cewa ita ba alƙali ba ce, ba kuma mai raba gardama ba ce. Mai raba gardama yana sauraro ya yanke hukunci da zai hau kan kowa. Ita ba za ta ce wane ne da gaskiya ba, ko da an roƙe ta. Ya tambaye ta, "To ranki ya daɗe, mene ne amfanin zuwana?" Ta ce amfanin shi ne a nan ba abin da zai hau kansa sai wanda ya sa wa hannu.

Sannan suka sa hannu a takardar sharuɗɗan zaman. Abu uku ne a ciki masu nauyi. Kowa na iya tashi duk lokacin da ya so. Abin da aka faɗa a ɗakin, ko tayin da aka yi, ba za a kai shi kotu a matsayin hujja ba idan sulhu ya ƙi, ita ma ba za a kira ta shaida ba. Abin da mutum ya gaya mata a keɓe kuma ba za ta kai wa ɗayan ba sai da izininsa. Sharaɗi na biyun yana cikin dokar koyi da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da dokokin ciniki ta fitar a 2002, ta sabunta a 2018, wadda ƙasashe ke ɗauka su gina tasu a kai. Sai dai sirrin yana da iyaka: takardar da dama akwai ta, kamar littafin kuɗi, ba ta ɓoyuwa daga kotu don kawai an nuna ta a zaman sulhu.

Zama na farko, mako na 1

Kowa ya sami minti 20 ya faɗi nasa ba tare da an katse shi ba. Lauyoyi na zaune, amma ta nemi masu rikicin su yi magana da bakinsu. Mai jari ya furta kalmar sata sau uku. Manaja ya miƙe tsaye. Ta ba da hutu na minti 15.

Da aka dawo ta maimaita abin da kowa ya faɗa, amma da wasu kalmomin. Inda mai jari ya ce an sace masa, ta ce yana son sanin nawa ya fita, ina ya tafi, da izinin wa. Inda manaja ya ce an mayar da shi bawa, ta ce yana son a lissafa aikinsa a matsayin abin da ke da farashi. Ta tambayi kowa ko abin da yake nufi ke nan. Suka ce e, da ƙyar. Ta rubuta batutuwa biyar a allo: albashin ma'aikata, bashin inji, kuɗin da manaja ya ɗauka, ladan aikinsa, da makomar kamfanin.

Ba ta fara da babba ba. Ta ɗauki albashi, wanda ba wanda ke jayayya a kansa. Kafin a tashi sun sa hannu a wata gajeriyar takarda zuwa banki: a buɗe asusun don albashi da bashin inji kawai, kowane biya da sa hannu biyu. Suka kuma amince da akanta guda, wanda ba na kowa ba, ya duba littattafan shekara shida cikin mako uku, da sharaɗin duk abin da ya fitar shi ne alƙaluman da za a yi aiki da su. Zaman ya ci awa huɗu.

Zama na biyu, mako na 4: rahoton akanta da ganawar keɓe

Rahoton bai wanke kowa fes ba. Ba kuɗin da ya ɓace. Duk abin da manaja ya ɗauka yana rubuce, jimillarsa kuma ta kai kimanin kashi biyu cikin uku na abin da za a biya manajan haya a tsawon wannan lokaci. Amma ba da izini ya ɗauka ba, kuma bashin injin yana cinye kusan rabin ribar kowane wata, zai ci gaba da haka har wata 20 masu zuwa. Kowa ya karanta rahoton ya ga abin da ke goyon bayansa. Bayan awa ɗaya ana maimaita magana ɗaya, ta raba su ɗaki biyu.

A nan ne lamarin ya juya. Ta tambayi mai jari abin da zai yi da kuɗin idan kotu ta ba shi yau. Ya yi shiru, sannan ya ce yana dab da barin aikinsa, ribar kamfanin ce ya dogara da ita, kuma bai taɓa gaya wa abokinsa haka ba don kada a ga gazawarsa. Ba ya son kamfanin, bai san aikin ba. Yana son kuɗinsa ya fito, yana kuma son manaja ya faɗa da bakinsa cewa ɓoye zancen injin ba daidai ba ne. Ya ba ta izinin isar da abin da yake so manaja ya faɗa, ya hana ta faɗin zancen barin aikinsa da dogaronsa da ribar.

Sai ta juya ga lauyansa, a gabansa, ta yi tambayoyin da ba a so. In an ci shari'ar, yaushe? Lauyan ya ce ba zai iya yin alkawari ba. In an rushe kamfanin, wa zai fara karɓa? Dillali zai ɗauke injinsa, a biya ma'aikata da sauran masu bin bashi, abin da ya rage shi za a raba. Tsofaffin injuna nawa za su yi a gwanjo? Mai jari ya yi lissafin da kansa a bayan takarda. Abin da ya fito bai kai rabin abin da yake tsammani ba, tun ba a cire kuɗin lauya ba.

A ɗaya ɗakin ma haka ta yi. Manaja ya haƙiƙance kotu za ta ba shi ladan shekara shida. Ta tambayi lauyansa ina aka rubuta albashin. Babu. Ta tambayi manajan abin da zai ji da a ce shi ne ke nesa, ya ji labarin bashi mai girma haka a bakin ma'aikaci. Bai amsa ba, amma bai sake cewa ba shi da laifi ko kaɗan ba. Abin da shi yake tsoro shi ne a rufe wurin, sunan da ya gina ya tafi, ma'aikata takwas da suka rage su watse.

Ta fito da abin da su biyun ba su taɓa faɗa wa juna ba cikin wata 12: ɗaya yana son fita, ɗaya yana son zama.

Zama na uku, mako na 5: inda aka kusa watsewa

An buɗe zaman da manaja ya ce, cikin jimla biyu, ya kamata ya faɗa kafin ya karɓo injin. Mai jari ya ce ya janye kalmar sata. Ba wanda ya ƙara komai a kai.

Sai farashi. Mai jari ya faɗi abin da yake so a kan kasonsa na 60. Manaja ya taya da abin da bai wuce kashi 55 cikin ɗari na wannan adadi ba. Aka yi awa biyu ana matsowa kaɗan-kaɗan, sannan aka tsaya cak. Lauyan mai jari ya kawo wata dabara da aka sani a rabuwar abokan ciniki: ɗaya ya yanka farashi, ɗayan ya zaɓa ko ya saya ko ya sayar a kan wannan farashin. Mai shiga tsakani ba ta ce a'a ba, ta dai tambaya ko su biyun suna da ƙarfin saye daidai. Ba su da shi, kuma ɗaya ba ya ma son sayen. Dabarar ta mutu a nan. Manaja ya kawo tasa, a ci gaba tare amma a yanka masa albashi. Mai jari ya ƙi, ya fara tattara takardunsa.

Ta roƙe shi minti goma a keɓe. Ta ce ba za ta hana shi tafiya ba, amma tana ganin abin da ya ɓoye shi ne mabuɗin, domin manaja na ɗauka yana neman kuɗi dunƙule ne don ya durƙusar da shi. Ya ba ta izini ta faɗi rabin maganar: cewa abin da ya fi buƙata shi ne kuɗi mai shigowa kowane wata ba fashi. Da wannan ya isa ɗaya ɗakin, lissafin ya sauya. Manaja ba zai iya tara babban kuɗi lokaci ɗaya ba, amma zai iya biyan farashi mafi tsoka idan an shimfiɗa shi. Suka koma kan alƙaluman akanta, aka cire ragowar bashin inji daga darajar kamfanin, aka yafe wa juna batun kuɗin da aka ɗauka da na ladan aiki, ɗaya ya share ɗaya. Suka tsaya a kashi 78 cikin ɗari na abin da mai jari ya fara nema.

Zama na huɗu, mako na 7: rubutu

Wannan zama ya fi kowanne tsawo, ko da yake an riga an shirya. Kowace jimla sai ta tambaya: wa zai yi, yaushe, in bai yi ba fa? Aka rubuta cewa za a biya kashi ɗaya cikin huɗu cikin kwana 30, ragowar a wata 24. Ba a iya jinginar da sabon injin ba tunda har yanzu na dillali ne, don haka hannun jarin kansa ya zama jingina, yana komawa sunan manaja gwargwadon abin da ya biya. Mai jari zai riƙa ganin bayanan banki duk bayan wata uku har a gama. In biya ya yi jinkiri akwai kwana 21 na sassauci. In aka tsallake biyu a jere, dukan ragowar ta zama abin biya nan take. In sabon saɓani ya taso, za a koma wurin mai shiga tsakani kafin kotu.

Ta ba su kwana uku kowa ya karanta da lauyansa kafin sa hannu. Daga nan aka kai takardar gaban alƙalin, ya mayar da ita hukuncin kotu bisa yardar ɓangarorin biyu, aka rufe ƙararrakin. Wannan mataki yana da muhimmanci, domin takardar sulhu ita kaɗai kwangila ce, wanda aka saɓa wa sai ya shigar da sabuwar ƙara. Da ta zama hukunci, zartarwa kawai zai nema. Yarjejeniyar Singafo ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan zartar da takardun sulhu, wadda aka buɗe don sa hannu ranar 7 ga Agusta 2019 ta fara aiki ranar 12 ga Satumba 2020, wannan giɓin ta zo toshewa, amma ga rikicin ciniki da ya ratsa iyakokin ƙasashe kawai. Ba ta shafi irin wannan ba.

Bayan wata 24

Biya ya yi jinkiri sau ɗaya, a wata na 9, da kwana 12. Bai fita daga kwanakin sassauci ba, ba wanda ya kira lauya. An gama biya a kan lokaci. Kamfanin na aiki, ma'aikata sun koma 10. Mutanen biyu suna gaisawa idan sun haɗu, ba sa ziyartar juna.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Abokin da ya fara shiga tsakani ya fi matar nan sanin su, ya fi ta ƙima a idonsu, amma nasa sulhun bai wuce mako biyar ba. A ganina dalilin shi ne ya yanke hukunci. Wanda ya san za a yanke masa hukunci ba ya faɗin rauninsa, hujjarsa kawai yake kawowa. Mai jari ba zai taɓa gaya wa abokin nan cewa yana tsoron rasa abin dogaro ba, balle alƙali. Ya faɗa wa wadda ba ta da ikon yi masa komai, wadda kuma ta ɗaure kanta da sirri a rubuce. Rashin ikon nata shi ne ya buɗe bakinsa, kuma abin da ya faɗa a wannan ɗaki shi ya warware batun farashi mako ɗaya bayan haka.

Abokin ya kuma nemi gyara zumunci ya bar lissafi. Ita ta bi ta kan lissafin, ta bar zumuncin ya tsaya inda zai iya tsayawa. Akanta guda da aka yarda da shi tun kafin a ga sakamakonsa ya kashe gardamar alƙaluma, wadda a kotu za ta ci shaidu biyu masu karo da juna. Jerin da ta bi ma ya taimaka: albashi da farko, domin mutanen da suka sa hannu tare a ƙaramin abu sun fi sauƙin komawa teburin.

Ba zan ce kotu ba ta yi komai ba. Wata shida na ɗage-ɗage da kuɗin lauya su suka sa tambayoyin ɗakin keɓe suka yi nauyi, kuma hatimin alƙali ne ya ba mai jari ƙarfin zuciyar karɓar biya na wata 24 daga mutumin da ya daina yarda da shi. Sai dai farashin wannan darasi ya yi yawa: ma'aikata uku, da masu kawo aikin da ba su dawo ba. Da yarjejeniyar shafi biyun nan ta ƙunshi layi ɗaya da ke cewa a je wurin mai shiga tsakani kafin kotu, da an yi zaman nan tun wata na 2.

Akwai kuma abin da ya sa lamarin ya yi sauƙi wanda ba gwanintar kowa ba ce. Rahoton akanta bai nuna sata ba, kuma bukatun mutanen biyu ba su ci karo ba. Da su biyun kamfanin suke so, ko da an gano kuɗi sun ɓace da gangan, ko da ɗaya na tsoron ɗayan har ba zai iya cewa a'a ba, da zaman ya tashi a mako na 4 ko na 5, kuma daidai ne ya tashi. Ko a yadda aka ƙare, manaja ya bar kashi ɗaya cikin uku na ladan da yake ganin ya cancanta, mai jari ya bar kashi 22 cikin ɗari na farashinsa, kuma har yau kowannensu na ganin shi ne ya fi yin rangwame.